Kunnen Mota

"Yaya, ka yi wa ƙaramin batirin caji mana!"

"Ke tafi can! Babban ne mai aiki. Ƙaramin me ya sani?"

Haka wata yarinya da yayanta suka wuni suna musu, a wani gari da yara ke tseren motocin wasa masu rimot a bakin kududdufi. Kowace mota batir biyu gare ta. Babba ke juya taya, ƙarami kuwa shi ne kunnen mota, da shi take jin umarnin rimot. Kullum yarinya sai ta yi wa babba caji, ta yi wa ƙarami caji. Yaya kuwa babba kaɗai ya sani.

Ranar tsere, akori-kurar Yaya ta fita fiii, ta yarinya na biye. Yana ta ihu, "Ku ba giwa hanya!" Ana zuwa kwana, sai ƙaramin batirinsa ya mutu. Ya murza hagu, mota ba ta ji ba. Ya murza dama, mota ba ta ji ba. Ta miƙe sak ta nufi ruwa.

"Wayyo motata! Tsaya, don Allah tsaya!"

Hanya ta buɗe wa yarinya, nasara na gabanta. Sai ta bar hanyar, ta yanko ta gefe, ta banke motar Yaya cikin yashi, saura taku ɗaya ta faɗa ruwa. Wani ya ci tsere, amma ita yara suka kewaye da tafi.

Ta miƙa masa motarsa, ta kumbura murya irin tasa. "Ƙaramin me ya sani?"

Yaya ya kakkaɓe yashi, ya ce, "Ai ba batir ba ne. Ƙishirwa take ji."