Abokin Tafiyar Mailafiya

Jifan farko ya sauka a kan kwanon ɗakin Tijjani ana gab da kiran magariba, a kwanakin yankan riɗi. Mahaifiyarsa Inna Ummusalama tana ƙarƙashin rakuba, wato rumfar kara, tana soya kofi, jikarta Hajar tana daka citta a gefenta, shi kuma yana bakin angarib, gadon igiya, da kwamfuta a cinya, yana rige-rige da ragowar wutar da batir ya tara da rana. Babu wanda ya ɗaga kai. A Gadarif yara suna jifan tsuntsaye, wani lokaci su kuskure.

Na biyu ya sauka, sai na uku, wanda ya gangaro har gaban Inna. Ta ɗauka ta jujjuya shi. Curin baƙar ƙasa ce mai sanyi, da ƙwayoyin tsohuwar dawa manne a jiki, irin ƙasar da ba a samu sai a gindin matmura, ramin da ake binne hatsi. Matmurar gidan tana bayan shinge, an rufe ta tun kafin a haifi Tijjani. Inna ta ajiye curin, Tijjani kuma ya ga ta sauke kofin tun bai yi baƙi ba, abin da bai taɓa ganin ta yi ba.

Yaƙi ne ya dawo da Tijjani gida daga Hartum, shi da 'yarsa Hajar mai shekara goma sha uku wadda uwarta ta rasu tun tana goye. Sana'arsa ba ta da suna a unguwar. Shi da wasu abokai da suka warwatsu tsakanin Alƙahira da Jidda sun haɗa wani wasa a intanet, inda mutum yake zama matafiyi yana yaƙi da tinnin, wato manyan macizai masu fukafukai masu fesa wuta. Tijjani ne mai ƙirƙirar su, da hannun hagu, don bahago ne. Kowanne sai ya ba shi abu uku: kama, da hali, da rauni, wato wurin da za a buga ya faɗi. Akwai wanda ɓawon jikinsa yake kamar ƙasar Fashaga idan ta tsattsage da rani, mai girman kai, wanda kirari yake sa shi barci. Akwai wata tsohuwa mai son gulma, wadda ba ta taɓa ka idan ka kawo mata labarin da ba ta ji ba. Tijjani yakan ce kama ba ta da wuya, hali ne aikin, domin tinnin da ba shi da abin da ke cin ransa ƙadangare ne kawai da aka liƙa wa fukafukai.

Da ya zo kan na ƙarshe, babban cikinsu, sai tunani ya ƙare masa. Nan ya tuna da labarin da kakarsa Atika take ba shi yana yaro. Mijinta Mailafiya ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa zai je Makka, wani aljani Musulmi ya biyo shi, dogo, mai ido kamar riɗin da aka soya, suka yi alkawari babu wanda zai ga Ka'aba ba tare da ɗan'uwansa ba. A gidan ba a kiransa da komai sai Abokin Tafiya. Kullum labarin a wuri guda yake ƙarewa. Atika ta sunkuyar da kai ta ce, shi ne fa ya bar shi a bakin matmura, ya yi tafiyarsa.

Tijjani ya ɗauki idon riɗin da tsawon da sunan. A wurin hali ya rubuta: maci amana, yana raka matafiyi har ya saki jiki, sannan ya yashe shi. Rauni kuwa babu shi a labarin, sai ya ƙirƙira: ya shanye masa ƙafar gaba ta hagu. 'Yan wasa suka so wannan tinnin fiye da kowanne, don babu abin da yake da daɗin kashewa kamar maci amana.

Jifan ya ci gaba kwana shida, kullum da magariba, kullum ɗakin Tijjani. A rana ta huɗu aka fara jin murya daga bayan shinge, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai lissafi, amma lissafin ba ya ƙarewa. A ta biyar Hajar ta saki taɓarya ta ce hannunta ya yi nauyi. Washegari hannun hagun ya lanƙwashe ya manne da ƙirjinta, yatsun a dunƙule. Likita ya duba bai ga komai ba. Tijjani kuwa ya ga wani abu, domin ya san wannan lanƙwasa. Sati biyu ya yi yana gyara ta a kan allo har ta fito yadda yake so.

A rana ta bakwai Hajar ta zauna a ƙofar ɗakinsa, ta dube shi da idon da ba nata ba, ta ce da wata tsohuwar Hausa wadda ko Inna ba ta yi:

“Dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da shida.”

Tijjani ya buɗe kwamfuta. Wasan yana ƙirga sau nawa aka kashe kowane tinnin. Adadin ke nan. Yana kallo shidan ta koma bakwai, Hajar ta riƙe hannunta ta yi nishi.

Inna ce ta aika garin Ƙala'at an-Nahal aka ɗauko Faki Yahya, malamin ruƙiyya, tsoho marar ƙiba mai ƙaramar murya, wanda ya sha kofi biyu ya tambayi farashin riɗi kafin ya tambayi marar lafiya. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da shinge, aka zaunar da Hajar, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar rakuba ta miƙe har ta taɓa tabarmar, kaji suka shige akurki tun lokacinsu bai yi ba, unguwar ta yi tsit. Sannan Hajar ta amsa ayar da yake kai, ta ƙarasa masa ita.

Faki ya tsaya, ya yi sallama, aka amsa masa cikakkiya. Ya ce tun da Musulmi ne, me ya haɗa shi da yarinyar da ba ta yi masa komai ba? Ai babu rai da yake ɗaukar nauyin wani rai.

“To, ni me ya sa nake ɗauke da nauyin wani?” in ji muryar. “Shekara tamanin ina ramin nan, ban karya ko kara a gidan nan ba. Yanzu jikan ya rubuta mini cin amana a goshi, ya aika ni duniya, mutanen da ban san harshensu ba suna sarana dare da rana. Ku tambayi 'yar Mailafiya. Wa ya bar wa?”

Tijjani ya juya ya dubi uwarsa. Inna tana kallon ƙasa. Sai a lokacin ya ji maganar kakarsa yadda take. Atika ta mutu ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, kamar kowace mace ta zamaninta. Idan ta ce shi, mutum ɗaya take nufi a duniya. Yaro ɗan shekara bakwai ne kawai zai ɗauka aljanin ake nufi, kuma shi ya girma bai sake duba abin da ya ɗauka ba.

Faki ya ce wa Inna ta yi magana, yau ba ranar kunya ba ce. Ta yi, a hankali, kamar mai cire ƙaya. Aljanin ne ya riƙa nuna wa babanta ruwa a dajin Kordofan. Da suka iso Gadarif guzuri ya ƙare, babanta ya ce masa ya jira a matmura har a girbe riɗi. Riɗi ya yi kyau, aka ce sai baɗi. Aka yi gona, aka yi aure, aka yi 'ya'ya. Bayan shekara ashirin babanta ya fita ta ƙofar gaba da tsakar rana don kada ya wuce ta bakin ramin, ya hau jirgin ruwa, ya dawo Alhaji, ya sa aka rufe matmurar.

“Sunansa,” in ji muryar.

“Mailafiya,” in ji Inna. “Mailafiya ne ya ci amana.”

Aka shiga ciniki. Faki ya ce zuriyar za ta sake shi daga alkawari, ya tafi ya sauke faralinsa, jikan kuma zai gyara rubutunsa. Muryar ta ce sakin hakkinsa ne tun da can, ba kyauta ba ce, gyara kuma ba ya mayar da sara dubu arba'in. Ya yafe wa Mailafiya ramin, don mutum ne mai rauni, ya ga ƙasa mai albarka zuciyarsa ta zauna. Abin da ba zai yafe ba shi ne ƙafar. Kakan ya hana shi tafiya, jikan kuma ya mai da shi gurgu don kawai wasa ya yi daɗi. Hannu ɗaya na hagu zai fita da shi daga gidan nan, kuma ya riga ya kama ɗaya.

Faki ya karanta masa ayoyin afuwa. Muryar ta ce ta san su, ta kuma san ta ƙisasi, ai a littafi ɗaya suke. Faki ya yi barazanar ci gaba da karatu har ya ƙone. Muryar ta ce bismillah, amma ya sani yarinyar ce gidan da za a ƙona. Tsohon ya dubi Tijjani, kuma Tijjani ya gane cewa ilimi ya kai inda zai tsaya.

Ya dubi yatsun Hajar da suka fara yin fari. Ya ce, “Ba hannunta ne ya yi zanen ba, ya Baba. Ga wanda ya yi.”

Muryar ta ce ta ba shi zuwa magaribar gobe ya gama gyaransa, tun da da wannan hannun ya ɓata. Faki ya sa ta rantse sau uku ba za ta waiwayi gidan ba. Inna ta ce sun sake shi duniya da lahira. Hajar ta yi atishawa, ta kife a kan tabarma, hannunta ya warware ya faɗi gefe kamar na mai barci. A masallacin unguwa ladan ya fara kira.

Tijjani ya yi aiki tun daga asubahi. Ya miƙar da ƙafar, ya share halin, ya rubuta: mai cika alkawari, yana nuna ruwa, ba a yaƙarsa. A wurin rauni ya rubuta cewa yana yarda da mutane. Abokansa suka yi ta kira daga Alƙahira, suna cewa ya zol, wato kai malam, ka haukace ne, wa za a kashe a ƙarshen wasa? Ya ce yana zana musu shi. Ya zana mutum da gora da sanda, mai faɗin goshi da ɗan karkataccen hanci. Bai nemi hoto ba, don kowa ya san shi ne ya ɗauko kakan, madubi ya ishe shi. Ya aika ana gab da kiran salla. Alƙalamin zanen ya zame daga yatsunsa, bai kuma sake ɗaukarsa da wannan hannun ba.

Da safe aka tarar da murfin matmura ya rufta, ga wata doguwar shaida a kan baƙar ƙasa ta ratsa gonar riɗi ta nufi gabas, madaidaiciya, babu alamar ɗingishi.

Hajar ba ta tuna komai ba. Ita take ɗaure masa igiyar agogo yanzu, tana yi masa dariya idan ya zana da dama layin ya karkace. Wata rana da yamma ta leƙa kwamfutar ta ce, “Baba, wannan mugun da ake ta kashewa, me ya sa yake kama da kai?”

Tijjani ya dubi adadin da ke ƙasan hoton. Ya haura dubu tara, kuma da sauran tafiya kafin ya kai arba'in da ɗaya.