Kwalbar Rediyon Yendi

Ranar Litinin, shida ga Maris na 1944, aka kai wa Sufeto Saaka na 'yan sanda rahoton cewa rediyon gwamnati na Yendi ya yi shiru. Shi kaɗai ne rediyo a garin. Yana cikin wani ɗaki a gaban kasuwa, kuma kowace la'asar jama'a kan taru su ji labarin yaƙi da Hausa daga Ankara, babban birnin ƙasar, domin a lokacin samarin Arewa da yawa suna fagen yaƙi a Bama.

Mai kula da shi Mikaila ne, tsohon ma'aikacin wayar tangarahu, wanda ya koya wa kansa gyaran rediyo don sha'awa. Shi kaɗai ke riƙe makulli. A zamanin yaƙi ɓatan kayan waya babban laifi ne, kuma Disi, Baturen mulkin gundumar, ya riga ya ce idan ba a ga ɓarawo ba kafin Juma'a, Mikaila za a ɗaure.

Sufeto ya tarar da shi zaune tsakanin batura da wayoyi da guntayen dalma.

"Me aka ɗauka?"

"Kwalba ɗaya, ranka ya daɗe, cikin huɗu. Ta ƙarshe, wadda murya ke bi kafin ta fito."

Sufeto ya leƙa bayan akwatin. Ramukan da ƙafafun kwalbar ke shiga sun karkace duka gefe guda.

"Yaya ake cire ta?"

"Jan ta ake yi sama a hankali."

"Wannan murɗa ta aka yi kamar murfin tawada. Ba aikinka ba ne. Wa ka bari a ciki?"

"Babu kowa. Na kulle na tafi masallaci."

"An ɓalle kwaɗo?"

Mikaila ya sunkuyar da kai. Kwaɗon yana nan lafiya lau a ƙofa.

A bakin ƙofa wata mai ƙosai, Karimatu, ta ce ranar Asabar an sa muryoyin sojoji suna gaida gida. "Wani tsoho mai goro ya miƙe tsaye yana cewa ɗansa ne. Kowa ya watse, shi bai tafi ba. Na ga Mikaila yana nuna masa cikin akwatin."

"Sunansa?"

"Baba Garuba na Salaga. Bawku zai kai goro a motar Awudu."

Sufeto ya buga waya Bawku. Ranar Talata amsa ta zo: huhun goro tara sun iso da sunan Garuba, mai su bai iso ba.

A tasha ya sami Awudu direba a ƙarƙashin motarsa.

"Har Bawku na kai shi, Masta. Kusa da ni ya zauna, ya cika mini kunne da labarin kakanninsa."

"To goronsa na can yana bushewa a rumfar dillali. Ka taɓa ganin Basalge ya bar huhunsa ba yayyafi?"

Awudu ya fito yana goge hannu. "Gara ya bar matarsa. To, Masta, rantsar da ni ya yi kada in faɗa. Bai hau ba. Motar doya ya bi ya koma Salaga, rungume da ɗan ƙunshi a ƙirji kamar jariri."

Kafin ya kama hanya, Sufeto ya koma wurin Mikaila.

"Kana shirin shiga kurkuku saboda mutumin da ba danginka ba."

"Laifin bakina ne," in ji Mikaila. "Ya tambaye ni ta ina muryar ɗansa ta bi, na nuna masa kwalbar. Ya roƙi in bar shi ya zauna kusa da ita har in dawo daga salla. Shekara biyu bai sami wasiƙa ba, ranka ya daɗe. Ni ma nawa yana can."

Ranar Laraba da hantsi Sufeto ya isa Salaga. Gidan Garuba na cikin tsofaffin gidajen fatake, zaurensa babba, ɗakunan baƙi duk a rufe. Tsohon ya karɓe shi da tabarma da ruwa.

"Baba, me ya hana ka zuwa Bawku?"

"Ciwon ƙafa, ɗana."

"Amma a tsaye ka yi tafiyar mil saba'in a kan doya."

A kusurwar zauren akwai ɗan kwando lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ƙasa ta yi danshi a kewayensa.

"Goronka duka yana Bawku. Me kake yi wa yayyafi a nan?"

Tsohon ya daɗe yana kallon kwandon. Sannan ya jawo shi da kansa, ya warware ganyen fita ɗaya bayan ɗaya, yadda ake buɗe farin goro na sarauta. Kwalbar tana tsakiya. Ƙafafunta sun yi tsanwa, ruwa ya shiga gindinta har ya saki.

"Safe da yamma nake jiƙa ta," in ji shi, "kada muryar ta bushe. Ni na ɗauka, ba Mikaila ba. Ɗana Zuberu ya ce, 'Ina gaida Baba, ina gaida Mma, ina nan lafiya.' Ni na ji, uwarsa ba ta ji ba. Idonta ya tafi bara. Na ce tunda ba za ta ƙara ganinsa ba, in kawo mata ko muryar."

"Ta ji?"

"Kwana uku tana kara ta a kunne. Na ce mata gajiyar hanya ce, sai ta huta." Ya ɗago kai. "Kai ka yi makaranta. Idan aka mayar da ita, zai sake magana?"

"Baba, kwalba ba ta ajiye murya. Wucewa take yi, kamar baƙo a zaure. Kuma ruwan ya kashe ta."

Garuba ya shafa gilashin da babban yatsa. "Ashe har mutanen Yendi na hana jin 'ya'yansu."

"Sai an aiko da wata daga Tamale."

Aka ji takun sanda daga cikin gida. Asiatu, matarsa, ta tsaya a bakin ƙofa tana dafe da bango.

"Malam, wa ya zo? Mai gyaran ne?"

Garuba ya dubi Sufeto. Sufeto ya mayar da ankwar da ke hannunsa cikin aljihu a hankali, don kada ta yi ƙara.

"Daga Yendi nake, Mma. Zan tafi da Baba da kwalbar."

"To, madalla. Idan ta yi magana, ku saurara da kyau. Ku ji mini ko yana tari, da tari ya tafi."

"Zan saurara," in ji Garuba.

Ya ɗauki buta da tasbaha, ya miƙa wa Sufeto kwandon, ya wuce gaba. Sai da suka bar unguwar ya tsaya ya miƙa hannuwansa biyu. Sufeto ya girgiza kai, suka ci gaba da tafiya zuwa tasha.