Wayar da Halmoni Ta Hana a Taɓa

A benen da nake zaune a birnin Mokpo akwai wata yarinya a hawa na bakwai. Shekarunta tara. Ba ta da wani aibu sai yawan mafarkin ido biyu. Ka aike ta sayen awara, sai ka tarar da ita tsaye a bakin titi tana kallon gajimare.

Tana zaune da mamarta da yayanta da kakarta, wadda take kira Halmoni. Halmoni kuwa ba ta kiranta da suna, sai dai 'yar kwikwiyona.

Wata rana Mama ta gaji da biyan kamfanoni uku kuɗin talabijin da intanet da waya, ta mayar da komai wajen kamfani ɗaya. Aka turo ma'aikaci mai suna Malam Pyo. Ya zo da baƙin akwati ƙarami mai fitilu huɗu, duk koraye.

Ya ce, "Talabijin da intanet da wayar gida, duk ta wannan igiya ɗaya za su riƙa shigowa."

Yarinya ta zaro ido. "Su uku? Ba za su yi faɗa ba?"

Malam Pyo ya yi dariya kawai, ya tattara kayansa. Halmoni ta ɗauko ƙyalle mai furanni ta rufe akwatin, wai kada ƙura ta hau shi.

Tun daga ranar yarinya ta samu abin tunani. A ranta igiyar nan kogi ne siriri da ke gudana a ƙarƙashin gari. Jirage uku ne a kansa. Ɗaya ya ɗauko hotuna, ɗaya wasiƙu, ƙaramin cikinsu kuma muryoyin mutane. Har a aji takan ga jiragen suna wucewa a hankali, fitilunsu na kunne.

Ba a daɗe ba yayanta Wonsik ya tafi aikin soja, kamar sauran samari. Sati biyar na farko a sansanin horo za a yi su, babu wayar hannu. Ranar tafiya ya durƙusa gaban kakarsa.

Ya ce, "Halmoni, an ce in an ba mutum damar kira, minti uku ne kacal. Wayar gida zan kira. Ke nake so ki ɗauka."

Dama Halmoni ba ta riƙe wayar hannu. Ta ce sulɓe mata take yi kamar sabulu.

Daga ranar ta ja matashinta kusa da wayar gida. A nan take gyaran wake, a nan take gyangyaɗi. Sannan ta kafa doka.

"Kada wanda ya ɗaga kan wayar nan. Ko da wasa! In ya kira ya ji ana magana fa?"

Mama ta ce, "To, Umma, ba mai taɓawa."

Ranar Lahadi da safe yarinya tana kallon shirin da ta fi so, na wani kifi mai tashi sama. Sai hoton ya fara tsayawa. Kifin ya daskare a tsakiyar gajimare, ya motsa, ya sake daskarewa.

Ta ce a ranta, kogin ne ya yi kaɗan. Jiragen sun matse juna. In aka tsayar da ɗaya, na hotuna zai samu hanya.

Halmoni tana kicin. Yarinya ta ɗaga ƙyalle, ta juya akwatin, ta zare siririyar igiyar da ta tafi wajen wayar gida. Fitila ɗaya ta mutu. Da ta mayar da akwatin wurinsa, sai ga kifi ya ci gaba da tashi lafiya lau.

"Ka gani!" in ji ta. "Ana gamawa zan mayar."

Aka gama shirin. Mama ta kira ta cin abinci. Daga nan ta sauka wasa. Maganar igiya ta bi iska.

Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce. Waya shiru. Ba wanda ya gane ta mutu, don ba mai ɗaga ta. Halmoni kullum sai ta goge ta da tsumma, a hankali, kada kan ya motsa.

Ranar Alhamis wasiƙa ta zo daga sansani. Mama ta karanta da ƙarfi.

"Halmoni, ranar Lahadi da yamma aka ba mu damar kira. Na yi awa guda a layi. Na kira sau biyu, ba a ɗauka ba. Na baya suna ta tura ni, dole na ajiye. Lafiya dai ko? Na kasa daina tunani."

Yarinya ta dubi akwatin. Nan take ta tuna. Ta ga ƙaramin jirgin nan ya taho tun daga nesa, ɗauke da muryar yayanta. Ya iso ƙofar gidansu ya tarar an rufe. Ya jira, ya jira, ya juya.

Mama ta ɗauki wayar hannunta ta fita baranda tana faɗa da kamfani. Halmoni ta shige ɗaki. Yarinya ta lallaɓa ta mayar da igiyar. Fitila ta kama. Ta rufe ƙyalle, ta koma ta zauna kamar ba ita ba.

Washegari da la'asar Malam Pyo ya zo. Mama ba ta bari ya gama cire takalmi ba.

"Malam, haka kuka ce mana? Uku a ɗaya, uku a ɗaya! Ashe biyu ne da rabi."

Ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, bari in duba."

Ya duba akwatin. Ya nemi izinin Halmoni, ya ɗaga kan wayar ya saurara. Ya kira ta da tasa, ta yi ƙara har ɗakin ya amsa.

Ya ce, "Wayar nan lafiyarta ƙalau."

Sai Halmoni ta kai hannu ta taɓa kunnenta.

Ta ce, "To ni ce. Kunnen nan ya tsufa. Yaro ya yi awa guda a tsaye, ni ina nan ina gyangyaɗi, ban ji ba. Ku kawar da wayar daga wurina. Ba ni da amfani a kusa da ita."

Ta jawo matashinta za ta tashi. Abin ya taɓa zuciyar yarinya. Ta iya jure faɗan Mama, amma wannan ya fi ƙarfinta. Ta fashe da kuka.

"Halmoni, ba kunnenki ba ne! Ni ce na zare igiyar. Jiya na mayar a ɓoye."

Mama ta juyo. "Ke? Don me?"

"Kogin ne ya yi kaɗan. Na tsayar da jirgi ɗaya don kifi ya wuce."

Mama ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Sai da yarinya ta yi bayani tun daga farko, tana jan hanci. Malam Pyo ya durƙusa daidai tsawonta.

Ya ce, "Ranar nan kin tambaye ni, na yi dariya ban amsa ba. Kogin nan yana da faɗi, 'yammata. Jirgi ɗari ma zai wuce. Dubi abin da ya tsayar da kifinki."

Ya nuna mata igiyar talabijin. Ashe ba ta shiga sosai ba. Ya danna ta, ta ce ƙas.

Mama ta ce, "Zare igiya kuskure ne. Amma yin shiru ya fi shi muni. Kin sa na yi wa bawan Allah faɗa, kin sa kakarki ta zargi kanta. Ba shi haƙuri."

Yarinya ta haɗa hannu, ta sunkuya sosai. "Malam, ka yi haƙuri." Mama ma ta sunkuya, kunya ta ishe ta.

Halmoni ta ɗan ja mata kunne, sannan ta rungume ta. "'Yar kwikwiyona, ashe ke ce ɓarauniyar muryar jikana. To, nemo min ita."

Sansanin yana da shafi a intanet inda iyali ke rubuta wasiƙa, a buga a takarda a miƙa wa soja. Yarinya ta zauna ta rubuta da kanta. Ta faɗi komai, har jiragen. Ta danna, ta ga jirgin wasiƙu ya ɗaga.

Sati guda ba ta kalli kifi ba, don Mama ta hana. Kullum ta dawo makaranta sai ta ɗaga ƙyalle ta ƙirga fitilu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ranar Lahadi ta biyu, rana ta cika ɗakin, suna gyaran wake. Sai waya ta yi ƙara. Halmoni ta zubar da waken gaba ɗaya.

"Wonsik? Ka ci abinci? Suna ba ku shinkafa da yawa? Akwai miya?"

Daga inda take, yarinya tana jin dariyar yayanta. Ya ce ya zo na ɗaya a harbi, shi ya sa aka ƙara masa kira. Halmoni ba ta kula da harbi ba, ta koma kan shinkafa. Da ta tuna da yarinya, ta miƙo mata kan wayar.

Yarinya ta girgiza kai. "Mintocin nan naki ne, Halmoni. Ni na riga na cinye nawa."

Sai muryar Wonsik ta fito da ƙarfi. "Ki gaya wa mai tsaron kogi, jirgina ya iso!"

Halmoni tana dariya tana share hawaye. Yarinya ta tsuguna tana tsince wake, ranta fari tas.

Tun daga ranar, in ba ta gane abu ba, tambaya take yi kafin ta taɓa. In kuma ta yi kuskure, takan faɗa nan take, kada wani ya ɗauki laifin da ba nasa ba.