Kilishin da Aka Hana Alhaji

Ranar da Maijidda ta fara ganin Abduljalil, faɗa ne ya kai ta. Ta dire ƙunshin kilishi a teburinsa na bakin titin Zongo, farar rigar labo, ɗakin gwaji, a kafaɗarta.

"Kai ke sayar wa Alhaji Zakari nama a ɓoye? Babana ne, ƙodarsa ta yi rauni."

"Nama kuma ya zama guba, Dakta?"

Ta fizgi takardar naɗi ta hau zane. "A ciki nama ke komawa amino asid. Rarar da jiki bai buƙata, amoniya ke fita daga gare ta, ita ce gubar. Hanta ta mai da ita ure, ƙoda ta zubar a fitsari. Ta Baba ba ta iya zubarwa, sai ya taru a jini." Ta rubuta lambarta a ƙasa. "In ya sake aikowa, kira ni."

Da la'asar saƙo ya shigo: "Daktata, ko yanka ɗaya ba zai ƙara samu ba. Amma darasin bai zauna ba, a maimaita min gobe."

Wata biyar ana maimaitawa.

Da manyan Abduljalil suka zo neman aure, Alhaji ya miƙe tsaye. "Yaron da ya hana ni nama zan ba 'yata? Ga Shitu ɗan aminina, kowace Juma'a da cinyar rago yake gaishe ni!"

Gwaggonni suka ce boko ya sa ta raina uba. Maijidda ba ta sunkuyar da kai ba, ta ci gaba da auna masa abinci.

"Ko in kai masa ƙunshi ɗaya ya huce, rabin raina?" Abduljalil ya rubuto.

"In ka kai, ka rasa ni."

Cinyar ragon Shitu dai a ɗaki Alhaji ke cinye ta a ɓoye. Ƙafafun Alhaji suka kumbura, amai ya ƙi tsayawa, gwajin jini ya nuna ure ya ninka. Kwana tara a asibiti.

Ran sallama Alhaji ya dubi Maijidda. "Duk Zongo, mutum nawa suka hana ni nama?"

"Biyu, Baba."

"Ɗayar ni na haife ta. A kira min ɗayan."

Ranar ɗaurin aure kilishi ya kai har unguwar Bilbalogho. Ango ya miƙa wa Alhaji ɗan yanka kamar farce. Sai da Alhaji ya saci kallon amarya, ta gyaɗa kai, sannan ya kai baki.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irin naku."

Gida ya ɗauki amin da guɗa.