Saƙar Gizo a Allon Lakwal

An tsinci shafin ne a tsakiyar littafin labarin da Tukur, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, yake bugawa da keken rubutun makaranta. Shafi guda, cike da zagin gwamnati. A farkon shekarun 'yanci, irin wannan takarda kan kai mutum inda ba a dawowa. Jandarma Illo bai tsaya tambaya ba. Ya ɗaure Tukur tamau, ya jefa shi kaso, har ya sha yabo.

Amma abin ya hana shi sakat, domin Tukur bai yi gardama ba. Cewa kawai ya yi, "Karanta littahin, ka ji ko muryata ta."

Illo ya karanta. Sai ya shiga aji, ya zuba kalmomin littafin a allo, duk biyun da suka zauna kusa da juna ya haɗa su da layin alli. Allo ya koma saƙar gizo. A labarin Tukur, "mutane" na riƙe da "rugga", da "kasuwa", da "kirki". A shafin zagi kuwa maƙwabcinta guda ne, "banza". Ko sau ɗaya ba su haɗu ba a sauran littafin. Illo ya gane ba Tukur ne ya rubuta shafin ba.

Ban da Tukur, mutum biyu ke taɓa keken. Gambo magatakarda yana Dumega wajen biki duk makon, rabin gari shaida ne. Saura Direkta Sama'ila, wanda ya tarbi Illo da fara'a har da ƙari.

"Wa ya tsinci shahin?" in ji Illo.

"Ni, ina gyaran tebur."

"Iyayen yara na roƙon a saki Tukur."

"Rabu da su, mutanen banza!"

Illo ya ja shi gaban allo, ya ɗora yatsa a kan layin. "Direkta, kowa da kalmomin da ka zama tare cikin bakinai. Wanga layi naka na."

Sama'ila ya sulale kan bencin yara. "An ce Tukur za a ba kujerata. Tun rannan tuwo bai wuce mani wuya ba."

Illo da kansa ya buɗe kaso, kunya ta hana shi ɗaga ido. Ya miƙa wa Tukur littafin. "Ka yahe mani, Mushe. Tahi ka ƙarasa shi."

Tukur ya ɗago hannun dama, wanda igiyar Illo ta shanye. Yatsun suka ƙi motsi. Sai ya karɓa da hagu.