Takun Batula

A tsakiyar dutsen bayan garin Fakku Mannir ya fara ganin Batula, kuma ba a halin da budurwa za ta so a gan ta ba. Ta hau neman sabis, don a ƙasa waya ba ta kamawa, sai santsi ya kwashe ta. Takalmi ɗaya ya gangara, ita tana maƙale a tsagi tana ta salati.

"Kada ki dubi ƙasa," ya ce. "Aza ƙafarki nan."

"Ba ta kaiwa!"

"To Gajeriya, kamo sandata."

Sabon malamin firamare ne daga Tambuwal, dogo kamar gwangwala, mai hawan dutse wai don shan iska. Mutum da hankalinsa, ba akuya ya ɓatar ba!

Bayan kwana uku Batula ta tarar da ɗigon farin fenti tun daga gindin dutsen har ƙoli. Tana isa sama saƙo ya shigo:

"Gajeriyata, bi farin, da takunki na auna shi. Zuciyata ba za ta iya ganin kin sake zamewa ba."

Shi ke nan, so ya kama ta. Manyansa suka zo gaisuwa, mahaifinta Malam Na'iya ya karɓe su.

Sai Mu'awiya, ɗan sa-kai da ta taɓa ƙi, ya tashi da magana a bakin masallaci. Wai baƙon infoma ne, fentin kuma hanya ce ya shata wa 'yan bindiga su hau su leƙa gari. Wayyo! Irin wannan kalma ba aure kaɗai take kashewa ba, har mutum. Malam Na'iya ya mayar da kayan gaisuwa, dattawa suka ba Mannir zuwa Juma'a ya bar gari.

Ran Laraba Batula ta hau dutsen tana kuka. Saƙonsa na jiranta:

"Batula, ban tsoron mutuwa kamar yadda nika tsoron a raba mu kina zargina. Wallahi don ke na yi."

Ta sauko ta zube gaban mahaifinta, ta nuna masa saƙon farko.

"Kowa na iya rubuta wanga," ya ce.

"To Baba, hau da ƙafarka sau guda. In ka sauko kana kan bakanka, na haƙura, ko da baƙin ciki zai kashe ni."

Washegari da hantsi suka hau, shi da Mu'awiya da dattawa biyu, Batula a gaba. Tun ba a yi nisa ba mazan suka fara harɗewa, don ɗigon ya yi musu kusa da juna. Mu'awiya tsallake biyu-biyu yake yi. Ga hanya miƙaƙƙiya, amma fentin ya bar ta ya yi dogon zagaye, don kawai ya kauce wa falalen da ta zame. Ita kuwa tafiya take, kowane taku na sauka daidai kan farin.

Malam Na'iya ya zauna yana haki. Ya daɗe yana duban ƙafafun ɗiyarsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Mu'awiya," ya ce, "wane ɗan bindiga ad da ƙafa irin ta Batula?"

Mu'awiya ya sunkuyar da kai.

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, 'yan Tambuwal cike da mota biyu. Tsohon ya riƙe hannun ango ya ce, "Kai da ka auna mata taku bisa dutse, auna mata a gida. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba."

Aka shafa. Batula na cikin ɗaki tana kuka, wannan karon na daɗi.