Yaron da Ya Bar Safarsa a Masauki

Wani yaro ɗan aji biyar ya yi sa'a lokacin hutu. Mahaifinsa zai je aiki wata ƙasa, sai ya tafi da shi da kuma yayar yaron. A ƙasar akwai kangon wani tsohon wurin bauta, wanda mutanen dā suka gina da dutse.

Kafin tafiya, yaron ya yi wa malamarsu alkawari a gaban 'yan aji. Ya ce zai kawo hotonsa tsaye kusa da zakin dutse da ke tsakiyar kangon.

Ranar ziyara, Baba ya tara su a ɗakin masauki. Ya ce, "Ku saurara da kyau. Kowa ya ɗauki ruwa da hula. Kada wanda ya taɓa zanen bango. Sannan kowa ya sa safa mai kauri a jakarsa."

Yaron ya ce a ransa, "Safa a wannan zafi? Lallai Baba ya gaji." Bai tambayi dalili ba. Ya cire safar, ya cika wurinta da biskit.

Layin shiga ya yi tsawo. Kafin su kai ƙofa, rana ta take. Mai gadi ya nuna ƙafafunsu, ya nuna kantar da aka jera takalma. Ashe ba a shiga da takalmi, don girmama wurin. Safa kawai aka yarda da ita.

Baba ya sa tasa, Yaya ta sa tata.

Yaya ta ce, "Malam, ina taka?"

Yaron ya ce, "Ba na bukata. Ƙafata ta 'yan ƙwallo ce."

Ya taka dutsen farko. Wayyo! Kamar ya taka kasko a kan wuta. Ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ta ƙone. Ya ɗaga ta hagu, ta dama ta ƙone. Ya yi ta tsalle yana wurgi da hannu. Wasu baƙi suka ɗauka rawa yake yi, suka fara tafa masa.

Yaya ta ce, "Ashe haka ka iya rawa, kake ɓoye mana?"

Yaron ya ruga inuwar ƙofa, ya zauna yana hura tafin ƙafarsa. Ya hango kan zakin daga nesa, sai hawaye suka zubo masa. Me zai faɗa wa malama?

Baba ya tsuguna, ya buɗe jakar yaron, ya ga biskit.

Yaya ta ce, "To, ɗaura biskit ɗin a ƙafa mana."

Baba ya ce, "Ya isa haka. Kai kuma, me ya hana ka tambaye ni amfanin safar?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Na zaci na fi ka sani, Baba. Ka yi haƙuri."

Yaya ta ji tausayinsa. Ta shiga ta gama kallonta, ta dawo ta miƙa masa safarta. Ja ce, an yi mata zanen furanni har gwiwa.

"Yaya, wannan ai ta mata ce!"

"Dutsen bai san haka ba. Ka sa, ko ka zauna."

Ya sa. Ya taka har wurin zakin lafiya lau, Baba ya ɗauke shi hoto.

Da aka koma makaranta, malama ta manna hoton a bango. 'Yan aji suka yi ta dariyar safar, shi ma ya taya su. Malama ta yaba masa don ya cika alkawari, ta ce ya faɗa musu abin da ya koya.

Ya miƙe ya ce, "Idan babba ya ba ka shawara, ba ka gane dalilinta ba, ka tambaya. Kada ka jefar da ita."